Goron da ya shaƙe a wani sito a Aboabo: abin da numfashin ƙwayoyin halitta ya yi wa kayan

A ƙarshen watan Oktoba, lokacin da sabon goro ke kwararowa Kumasi daga ƙauyukan Asante da Ahafo, wani ɗan kasuwa a unguwar Aboabo da ke birnin ya sauke buhu 24 a sitonsa. Motar da za ta ɗauki kayan zuwa Legas ta samu matsala, aka ɗaga tafiya. Bayan mako guda da aka kwance lodin, kayan sun rabu gida uku. Buhunan da ke bakin ƙofa lafiyarsu lau. Waɗansu sun kumbura kamar an hura musu iska, da aka buɗe su sai wani wari mai kama da na tsimi ya bugi hanci, amma goron ciki a ido ba shi da aibi. Washegari ne ya fara rinewa daga ciki. Kashi na uku kuma, waɗanda ke tsakiyar lodi, sun ɗauki zafi har hannu na ji, sun jiƙe sharkaf, farin fumfuna da baƙi sun kama su.

Mai kaya ya ɗora laifin a kan masu gona, cewa goron tun asali ba shi da kyau. Yaran sito suka ce sankara ce, wato ƙwaron nan da ke huda goro. Duka biyun ba su bayyana dalilin da zai sa goron gona ɗaya, da aka sauke rana ɗaya, ya lalace ta hanyoyi biyu mabambanta, wani kuma ya tsira. Amsar tana cikin yadda aka ɗaure kowane buhu da inda aka ajiye shi.

Yadda aka shirya kayan

A ƙa'idar masu sana'a, idan aka fasa ƙwanson goro, akan jiƙa 'ya'yan ko a tara su har farar rigar da ke jikinsu ta yi laushi, a saɓule ta, a wanke, sannan a zuba a kwandon da ba a yi wa shimfiɗa ba, a rufa ganye sama-sama na kamar kwana 5 ana juyawa. Wannan ne ake cewa goro ya yi zufa. Bayan nan sai a tsince, a fitar da mai rauni da mai huji, a ɗaure a huhu da ɗanyen ganyen fita, ana buɗewa ana dubawa ana canza ganye.

Wannan kayan bai samu haka ba. An saɓule shi, an wanke, kwana ɗaya tak aka zuba a buhu saboda saurin mota. Maimakon ganye, an sa leda mai kauri a cikin kowane buhu, wasu ma riɓi biyu, domin a Legas da Kano nauyi da ƙyalli ake saye, ba a son goro ya yamushe. Yaro ɗaya yakan murɗe bakin leda ya ɗaure da roba tam. Ɗayan kuwa naɗewa kawai yake yi ya ɗinke buhu, wasu ledojin ma allura ta huda su. Aka jera su hawa huɗu, a ƙasan siminti, manne da bango, ƙarƙashin rufin kwano maras silin, a lokacin da ruwan ƙarshen damina bai ɗauke ba kuma iskar Kumasi cike take da laima.

Goro rayayye ne

Abin da muke tauna iri ne mai rai. Ɓari biyun nan na goron da ake nomawa a Asante, wanda masana ke kira Cola nitida, su ne rumbun abincin ɗan tsiron da ke maƙale a gindinsu. Fiye da rabin nauyin ɗanyen goro ruwa ne, kuma ba ya cikin irin da ake busarwa a adana kamar gero ko masara. In ya bushe ya mutu. Tun da yana raye, kowace ƙwayar halitta a cikinsa, wato 'yan mitsi-mitsin ɗakunan da aka gina jikin kowane mai rai da su, tana aiki dare da rana: tana gyara tantaninta, tana tura gishirori ta inda ya kamata, tana sabunta sinadaran da suka lalace. Wannan aiki yana buƙatar makamashi, makamashin kuma daga abin da goron ya tara a jikinsa yake fitowa, domin tun da aka raba shi da bishiya babu mai ƙara masa ko ƙwaya.

Abin da ya tara ɗin sinadarai ne da aka gina a kan kabon. Mafi yawa sitaci ne, wato dubban ƙwayoyin gulukos, wani nau'in sukari, da aka sarƙe wuri guda. Kowa na iya gani da idonsa: a yanka farin goro, a ɗiga masa aidin, wurin zai koma shuɗi mai duhu kusan baƙi. Akwai sukari kaɗan, akwai furotin, wanda wani sashensa su ne enzayim masu tafiyar da kowane mataki na aikin da za mu bayyana. Akwai mai ɗan ƙalilan, amma muhimmancinsa ya fi yawansa, domin da shi aka gina tantanin da ya kewaye ƙwayar halitta da ƙananan ɗakunan cikinta. Bangon ƙwayar kuma selulos ne, shi ma gulukos ne aka sarƙe ta wata siga dabam, shi ke ba goro ƙarar nan idan an gatsa. Sai kafeyin, mai tsarin C8H10N4O2, da ɗan tiyobromin, da dangin sinadaran folifenol masu kawo bauri da rina haƙora.

Kafeyin ba abincin ƙwayar halitta ba ne, ko a jikin goro ko a jikin mutum. Direban da ke tauna goro a hanyar Tamale ba ƙarfi ya ƙaru masa ba. Kafeyin ya je ya toshe wuraren da sinadarin adenosin ke sauka a ƙwaƙwalwa ya sanar da gajiya. Adenosin ɗin nan kuwa shi ne gindin ATP, sinadarin da ƙwayar halitta ke ɗora makamashi a kansa tana kashewa kamar kuɗi, wanda duk maganar numfashi a kansa take.

Lissafin numfashi

Idan iska ta wadata, ƙwayar halitta tana warware sitaci ya koma gulukos, sannan ta ƙone gulukos ɗin a hankali, mataki-mataki:

C6H12O6 + 6O2 → 6CO2 + 6H2O + makamashi

A ma'auni, giram 180 na gulukos yana cin giram 192 na oksijin, ya fitar da giram 264 na kabon dayoksaid da giram 108 na ruwa, tare da makamashi kimanin kilojul 2,870.

Matakin farko a ruwan cikin ƙwayar ake yinsa, kuma ba ya buƙatar oksijin ko kaɗan. Enzayim goma ne ke miƙa wa juna aikin har a raba gulukos mai kabon 6 zuwa fairubet biyu masu kabon 3. Ana kashe ATP 2 a farko, a samu 4 a ƙarshe, riba 2 ke nan. A nan kuma ake ɗora wa wani ɗan dako mai suna NAD+ ƙwayoyin lantarki, wato elektron, da aka cire daga gulukos, ya zama NADH. A riƙe wannan ɗan dakon a zuciya, domin a kansa rikicin buhunan da suka kumbura ya taso.

Daga nan fairubet ya shiga maitokondiriya, ɗaya daga cikin ƙananan ɗakunan cikin ƙwayar, inda ake samar da mafi yawan makamashinta. A bakin shiga ake cire masa kabon ɗaya ya fita a matsayin kabon dayoksaid, ragowar ta faɗa cikin zagayen da Hans Krebs ya bayyana a 1937, aikin da ya samu kyautar Nobel a kansa a 1953. Kowane zagaye yana sakin kabon dayoksaid 2, ya cika NADH 3 da wani ɗan dakon mai suna FADH2 guda 1, ya ba da ATP 1. Idan aka haɗa komai a kan gulukos ɗaya, an samu ATP 4 kacal a hannu, amma an tara NADH 10 da FADH2 2.

Babbar ribar tana tantanin ciki na maitokondiriya. A can 'yan dakon ke sauke lantarkinsu, ya riƙa bi ta jerin furotin ɗaya bayan ɗaya, ƙarfin wucewarsa yana tura ƙwayoyin haidrojin zuwa ɗaya gefen tantanin. Idan suka taru suka nemi komawa, ba su da hanya sai ta cikin wani enzayim da ke juyawa yana ƙera ATP. Peter Mitchell ne ya kawo wannan bayani a 1961, aka daɗe ana musu da shi kafin a ba shi Nobel a 1978. A ƙarshen jerin, oksijin ne ke karɓar lantarkin ya haɗu da haidrojin ya zama ruwa. Iyakar aikinsa ke nan, amma in babu shi jerin gaba ɗaya ya cushe. Jimillar abin da ake samu ATP 30 zuwa 32 ne. Tsofaffin littattafan sakandare sukan rubuta 36 ko 38. Kusan kashi ɗaya cikin uku na makamashin gulukos ne ke shiga ATP, sauran ya fita a matsayin zafi. Kuma tun da goron da ke sito ba girma yake yi ba, ATP ɗin ma da zarar an kashe shi wajen gyare-gyare, zafi yake komawa.

Buhunan da suka kumbura

Oksijin kashi 21 cikin 100 ne na iska. A zafin digiri 30, giram 192 na oksijin ya kai kimanin lita 149, wanda sai an tara iska lita 710 kafin a same shi. To a ƙaddara buhu mai kilo 50, a ce sararin da ke tsakanin 'ya'yan goro ya kai lita 30. Oksijin ɗin da ke ciki bai wuce lita 6 da ɗoriya ba, abin da zai ishi ƙona giram 8 na gulukos, wato sukarin da bai fi cokalin shayi biyu ba. Goro kilo 50 da aka saɓule jiya, jikinsa duk ƙananan raunuka, a ɗaki mai zafi, ba zai daɗe bai cinye wannan ba. Leda tana barin iska ta ratsa kaɗan-kaɗan, amma gwargwadon kaurinta gwargwadon raguwar abin da ke ratsawa, riɓi biyu da ɗaurin roba kuwa kusan rufewa ce. Kuma tun kafin iskar buhu ta ƙare, tsakiyar babbar goriya ta riga ta shiga ƙunci, saboda oksijin sai ya ratso nama mai kauri kafin ya isa can. A yawancin kayan gona, idan oksijin ya sauka ƙasa da kashi 2 zuwa 3, numfashi na canza hanya.

Idan jerin maitokondiriya ya tsaya, NADH ba shi da inda zai sauke kayansa, NAD+ ya ƙare, matakin farko ma yana shirin tsayawa. Don kada ta mutu nan take, ƙwayar sai ta juye lantarkin a kan fairubet. Da farko takan yi laktik asid, irin wanda tsokar ɗan ƙwallo ke tarawa, ruwan cikinta ya fara tsami. Daga nan ta karkata ga hanyar da yis ke bi a ƙullun burodi: a cire wa fairubet kabon dayoksaid ya zama asitaldihaid, shi kuma ya karɓi lantarki ya zama barasa.

C6H12O6 → 2C2H5OH + 2CO2

Giram 180 na gulukos a nan yana ba da giram 92 na barasa da giram 88 na kabon dayoksaid, kimanin lita 50. Ga dalilin kumburin. A numfashi mai oksijin, lita nawa aka shaƙa lita nawa aka fitar, don haka girman buhu ba ya canzawa. A wannan hanyar kuwa ana fitar da iska ba tare da an shaƙi komai ba. Duk buhun goron da aka ga ledarsa ta yi tauri ta cika, ba sai an buɗe ba, an san abin da ke faruwa ciki. Warin tsimin daga barasa da asitaldihaid yake, da kuma tsamin da wasu ƙwayoyin bakteriya ke yi idan suka samu barasa da 'yar iska.

Ribar wannan hanya ATP 2 ce a inda ake samun 30. Kafin ƙwayar ta samu abin da ta saba samu sai ta ƙone sukari ninki 15, abin da ba za ta iya ɗorewa a kai ba. Kwana ɗaya ko biyu nama na iya jurewa ya farfaɗo. Mako guda a zafi ya yi yawa: ATP ya gaza, asitaldihaid mai guba ne ga ƙwayar, tantani ya fara yoyo.

Sai tambayar da ta fi ɗaure wa mai kaya kai: me ya sa goron ya yi kyau ranar da aka buɗe, ya rine washegari? A lafiyayyen goro, folifenol suna kulle a ɗakinsu, enzayim ɗin da ke rina su yana wani ɗakin dabam. Shi ya sa goro ba ya canza launi sai an gatsa ko an yanka, sannan wurin ya yi ja-ja cikin 'yan mintoci. A buhun da ya shaƙe, tantanin da ke raba su ya riga ya lalace, sun cakuɗe, amma rinin yana buƙatar oksijin, shi kuwa babu. Kwance bakin leda ne ya kawo abin da ya rage. Yaron da aka yi wa faɗa cewa shi ya ɓata kaya da ya shanya su a iska ba shi da laifi. Goron ya mutu tun yana cikin leda. Irin wannan ne ke faruwa da dankalin turawa da aka tara a wuri mai zafi maras iska, a yanka a tarar da tsakiyarsa baƙi.

Buhunan tsakiya

Waɗannan ba su rasa iska ba, domin ledarsu a naɗe take kawai, wasu da huji. Sun ci gaba da numfashi mai oksijin, matsalarsu rashin inda zafi da ruwa za su fita. Ɗumama kilo 50 na ɗanyen goro da digiri ɗaya yana cin kimanin kilojul 150. Ke nan giram 180 na gulukos, abin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyin buhun ba, ya isa ya ɗaga zafinsa da kusan digiri 19 in babu inda zafin ke zurarewa. Buhun da ke da wasu buhuna a samansa da ƙasansa da gefensa, ga bango, ga kwanon da rana ke duka tun hantsi, ya kusa wannan hali.

Kuma zafi yana kiran zafi. A tsakanin digiri 10 zuwa 35, duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin numfashi sau 2 zuwa 3. Buhu ya ɗumama, numfashi ya ƙaru, ya ƙara fitar da zafi. Idan aka haura digiri 40 enzayim na goron kansa sun fara lalacewa, amma kafin nan wasu masu numfashin sun shigo.

Ruwan da aka gani yana kwance a ƙasan leda, kaɗan ne daga cikinsa numfashi ya haifar. Mafi yawa zufar nan ce da aka hana goron yi a kwando. Da rana ruwa na tashi daga jikinsa ya cika iskar buhu, da dare leda ta yi sanyi, tururin ya sauka a kanta ya gangaro kan goro. Jiƙaƙƙen jiki mai rauni da ɗumi shi ne abin da fumfuna ke nema, dangin Aspergillus da Penicillium da Fusarium da mai kawo baƙin ruɓa. Su ma da gulukos da oksijin suke rayuwa, ta hanyar nan da aka bayyana, kuma a kan nauyi ɗaya sun fi goro saurin numfashi nesa ba kusa ba. Daga lokacin da suka kama, yawancin zafin da hannu ke ji nasu ne. Ruwan da ya lulluɓe goro yana ƙara wata ɓarnar, domin oksijin yana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da yadda yake ratsa iska. Goron da ke kwance cikin ruwa a ƙasan buhu ya shaƙe ko da bakin buhun a buɗe yake.

Batun sankara kuwa, an fasa goro daga kowane kashi, hujin ƙwaro da garin da tsutsa ke bari a ciki kaɗan aka gani, kuma yawansu ɗaya ne a buhunan da suka tsira da waɗanda suka lalace. Ƙwaron goro yakan shigo tun daga gona, ɓarnarsa ta makonni ce, ba ya kumbura leda.

Gwajin da ba ya buƙatar ɗakin bincike

A samo kwalabe uku masu faɗin baki da murfi mai kamawa. A cika ta farko zuwa rabi da lafiyayyen goro, ta biyu da goro mai nauyi ɗaya da aka tafasa ya huce, ta uku a bar ta babu komai. A rufe, a ajiye a ɗaki kwana ɗaya ko biyu. Sai a ɗaura guntun kyandir a waya, a kunna, a buɗe murfi a hankali a zura. A kwalbar da babu komai da ta dafaffen goro wutar za ta ci na ɗan lokaci. A ta ɗanyen goro za ta mutu da wuri, domin kyandir ba ya ci idan oksijin ya sauka zuwa wajen kashi 16. Kada a bar dafaffen ya wuce kwana biyu, in ba haka ba bakteriya za su kama shi su fara nasu numfashin, gwajin ya rikice. Malamin kimiyya da ke da ruwan kalsiyam haidroksaid zai iya zuƙo iskar kwalbar da sirinji ya busa a ciki: zai yi fari kamar an ɗiga madara, shaidar kabon dayoksaid. In aka bar kwalbar ɗanyen goron a rufe kwanaki a wuri mai ɗumi, za a ji warin da aka ji a buhunan da suka kumbura.

Abin da aka yi da kayan, da abin da aka gyara

Buhunan bakin ƙofa an juye su a kwanduna aka bar su suka yi zufar da ba su yi ba, aka tsince, aka ɗaure da ganye. Na tsakiya an zubar da duk wanda fumfuna ya taɓa. Wanke shi a sayar ba mafita ba ce, domin wasu nau'o'in Aspergillus suna barin guba a cikin nama wadda ruwa ba ya fitarwa, kuma goro ɗanye ake ci. Waɗanda suka kumbura an baza su a inuwa kwana biyu, ana fasa samfuri daga kowane kwando. Wanda cikinsa ya rine ya fita daga lissafi, wanda ya tsaya da launinsa aka sayar a cikin gari da wuri, don ba zai jure tafiyar kan iyakar Aflao zuwa ta Seme zuwa Agege a Legas ba, balle kasuwar Mariri a Kano.

Manufar ajiya ita ce a rage saurin numfashi ba tare da an tsayar da shi ba, a kuma rage fitar ruwa ba tare da an tara shi a jikin goro ba. Huhun ganye ya daɗe yana yin wannan tun zamanin da ayari ke ɗaukar goro daga Salaga, a ƙasar Gana ta yau, zuwa Kano a kan jakuna, tafiyar watanni, ana kwancewa a zango ana tsincewa ana yayyafa ruwa. Ɗanyen ganye yana riƙe laima a kusa da goro, yana barin iska ta ratsa ta tsakaninsa, ruwan da ke tashi daga jikinsa yana ɗan sanyaya kayan. Oksijin a cikin huhun goro yakan ragu kaɗan, kabon dayoksaid ya ƙaru kaɗan, wannan kuwa alheri ne, domin yana sa numfashi ya lafa. Daushen da ake biyan kuɗi mai yawa a kansa goro ne da ya yi watanni yana numfashi a hankali. Leda ba haramun ba ce a wannan sana'a, mutane da yawa suna amfani da ita lafiya, amma siririya, riɓi ɗaya, da huji ko baki a naɗe, da ganye tsakaninta da goro, kuma bayan goron ya gama zufa.

A siton an sa katako a ƙasa domin iska ta bi ta ƙarƙashi, an janye lodi daga bango da kamar taƙi biyu, an mayar da shi hawa biyu da rata tsakanin layuka. An yi silin da buhunan algarara da kwali, an buɗe tagogin sama biyu masu fuskantar juna. An sayi ma'aunin zafi mai dogon tsinke, irin na masu gasa nama, ana soka shi tsakiyar buhu da asuba kafin kwano ya ɗumama: in cikin buhu ya fi iskar ɗaki da digiri 3 ko fiye, a kwance a duba ranar. A makonnin farko ana duba kowane huhu mako-mako, daga baya a tsawaita. Firiza ba ta cikin shawara, domin ƙanƙara tana fasa ƙwayoyin halitta, goron ya narke ya rine kamar wanda ya shaƙe.

Da aka ambaci sankara, wani maƙwabci ya kawo shawarar a jefa ƙwayar maganin ƙwari ta aluminiyam fosfaid a cikin buhuna, irin wadda ake sa wa masara. Ƙwaya mai giram 3 tana sakin giram 1 na iskar fosfin idan ta haɗu da laima, kuma ɗaya daga cikin wuraren da fosfin ke kai wa hari shi ne jerin nan na maitokondiriya. Tsarin da ke cikin ƙwaro shi ne a cikin goro, shi ne a cikin yaran da ke kwana a siton da iyalin da bango ɗaya ya raba su da shi, kuma babu maganin da ke karya wannan guba. A unguwa mai cunkoso kamar Aboabo ko Asawase, inda sito da ɗakin kwana suke haɗe, wannan aiki ba na ɗan kasuwa ba ne. Maganin ƙwaron goro yana farawa daga gona, a tsinke ƙwanso kafin ya faɗi ƙasa ya tsage, sannan a tsince mai huji tun a kwandon zufa. Mai neman ƙarin bayani kan kula da goro bayan girbi zai iya tuntuɓar cibiyar binciken koko ta Gana da ke Tafo, wadda goro yana cikin amfanin gonar da take aiki a kansu, ko jami'an gona na gundumar da ya sayo kayan.